Zanen aro ba ya rufe katara

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wurin suna nan Yamai rigima ta kaure tsakanin ƙanen babana da ɗansa. Yaron yana aiki da wata ƙungiyar Turawa, ya gayyato abokin aikinsa Bature. Da aka kawo tuwo sai ya ruga ya nemo masa faranti da cokali, shi ma ya koma gefe ya ci da cokali, ya bar mu da kwanonmu. Baturen ko nema bai yi ba. Da baƙi suka watse Baba ya dube shi ya ce: zanen aro ba ya rufe katara. Yaro ya ce to atamfar da Inna ta ɗaura daga Holan take, shayin da muke sha daga Sin, me ya rage wanda ba aro ba? Baba ya yi shiru, ni ma na kwana da abin a raina.

Mushe Mai Ritaya: Ɗana, abin da ka saya da kuɗinka ba aro ba ne. Aro shi ne wanda mai shi zai iya aiko yaro ya ce a ba shi kayansa. Mu da muka yi lakkwal an rataya mana sambol, alamar horo, a wuya don mun yi Hausa a aji. Muka ƙware a Faransanci har muka koyar da shi shekara da shekaru. Amma a 2007 Sarkozy, shugaban Faransa na lokacin, ya tsaya a Dakar ya ce mutumin Afirka bai shiga tarihi sosai ba. Ranar na ji kamar an fizge mini zane a tsakiyar kasuwa.

Ba'adare a Abijan: Mushe, gafarta mini, ban yarda gaba ɗaya ba. Mu 'yan bida da Faransancin nan muke cin abinci. Kuma atamfar Holan ɗin ita ma aro ce, kamfanin Vlisco kwaikwayon rinin mutanen Jawa na Indunusiya ya yi, ya kawo mana. Su in sun ara sai a ce basira, mu in mun ara sai a ce kwaikwayo. Wannan ne ke ci mini rai.

Uwar Biyu: Ku tsaya in ba ku labarin kakata, Allah ya ji ƙanta. A Tawa aka yi aurenta zamanin kumandan. Ita mai kaɗi ce, da hannunta ta kaɗa zaren da masaƙi ya saƙa mata zanen aure, aka kai marina aka rine shi baƙi wuluk. Amma lokacin an fara cewa saƙi na ƙauyawa ne. Uwarta ta ji kunya, ta je gidan tafintan kumandan ta aro atamfa wurin matarsa. Ana tsakiyar biki, makaɗa sun ɗauka, sai matar tafinta ta ga an riga kai wa wata tuwo kafin ita. Ta tashi ta tafi, ta turo yarinyar gidanta ta ce a ba ta zanenta yanzu yanzu. Kaka ta ce a gaban ƙawayenta aka kwance shi. Ta shiga ɗaki tana kuka, ta ɗauro saƙinta, da shi aka kai ta ɗakin miji.

Labarin bai ƙare nan ba. Ta tsufa, ina yarinya ina gidan, wata Baturiya ta zo unguwa tana sayen tsofaffin kaya, ƙwarya, tasa, saƙi. Aka kawo ta gidanmu. Ta ga zanen nan, ta yi ta shafa shi tana yabo, ta ce za a ajiye shi inda duniya za ta gani. Kaka ta ce wa mai fassara: gaya mata sa'ad da yake jikina an ce ƙauyanci ne, sai in an rataye shi a bango babu ni ciki zai zama abin kallo? Ta ninke kayanta ta mayar cikin adaka. Da zanen nan aka goye mu duka, har ya yayyage.

Mai Shayi Wadata: Allahu akbar. Hajiya, kin sa ni hawaye ga butar shayi a wuta.

Mushe Mai Ritaya: 'Yata, Allah ya gafarta mata. Gidan tarihi na Quai Branly a Faris shi kaɗai yana riƙe da kayan Afirka kusan 70,000. A 2021 aka mayar wa ƙasar Benin guda 26. To a nan wa ya ari zanen wa?

Ɗan Kabu-kabu: Ni masu aron zanen da na sani su ne waɗanda ke tuna Hausa da babbar riga sai lokacin zaɓe. A ba ka shinkafa da atamfa mai hotonsa, kafin ta koɗe ya manta sunan garinku. 'Ya'yansu kuwa duk suna can waje.

Mai Shayi Wadata: Atamfar mai hoto ai ita ce ba ta rufe katara, yadi biyu ake raba wa mata uku.

Ba'adare a Abijan: A 2024 an cire sunan De Gol na Faransa daga babban titi a Yamai an sa na Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar 'yancin Nijar, a 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa. Na ji daɗi wallahi. Amma ku da ke gida ku gaya mini, takardar haihuwar jaririn da aka raɗa wa suna jiya da wane harshe za a rubuta ta?

Malama Zabarkan: Ku yi a hankali, 'yan'uwa. Ni Bazabarma ce, Hausar nan da nake muku a kasuwar Katako na koye ta. In an bi maganarku ni ma zanen aro na ɗaura ke nan?

Ɗan Kabu-kabu: A'a Malama, naki zanen maƙwabciya ne, ba a aiko yarinya karɓarsa.

Uwar Biyu: Matar tafinta ma maƙwabciya ce fa, kuma Bahausa.

Ɗan Bukoki: To ni dai har yanzu ban san abin da zan ce wa yaron ba. Da safen nan Inna ta ce a ƙyale shi, girmama baƙo ya yi. Baba ya ce girmama baƙo shi ne ka wanke masa hannu ka matsa masa wuri a kwano.

Mai Shayi Wadata: Baturen ya cinye tuwon kuwa?

Ɗan Bukoki: Tas, har ya nemi ƙarin miyar kuka.

Malama Zabarkan: Hajiya Uwar Biyu, don Allah har yanzu akwai masu saƙin nan a Tawa? Auren 'yata bayan Sallah ne.