Kan Doki ya ƙi fitowa a hotona, hazo ne ko kayan aiki?

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum. Ina da madubin hangen nesa mai faɗin milimita 130, da tsohuwar kyamarar Canon da nake ɗaura masa. Nebular Orion, M42, wato gajimaren gas mai haske da ke cikin rukunin taurarin Orion, tana fitowa tas. Amma Kan Doki, wato Barnard 33 da ke gefen Alnitak, tauraron gabas cikin ukun nan da suka jeru, ko alamarsa babu. Daƙiƙa 20 nake buɗe kyamara, in na wuce haka sai taurari su ja wutsiya. Daga saman bene nake ɗauka, nan Yelwa a Bauchi. Hazon hunturu ne ya hana, ko kayan ne ba su kai ba?

Malamin Fizis, Gombe: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka gwada shi da M42, ita ko da ido ana hango ta. Kan Doki baƙin gajimaren ƙura ne, ba shi da haske nasa. Jan hasken haidurojin da ke bayansa shi ke zana siffarsa, hasken nan kuma yana kan nanomita 656, daidai inda tacen da ke gaban sensar kyamararka ke tare mafi yawansa. Don haka hoto ɗaya na daƙiƙa 20 da wuya ya nuna maka shi. Ɗauki ɗaruruwa na daƙiƙa 20 ɗin nan har su tasam ma awa 2 ko 3, ka rufe bakin madubin ka ƙara wasu baƙaƙe, sannan ka haɗa su a manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duk kyauta ne. Sai ka ja hasken a kwamfuta tukuna zai leƙo.

Mai Solar: Malam ya yi gaskiya, amma wutsiyar nan matsalar saita madubin da tauraron arewa ce. Mu nan tauraron arewa digiri 10 kacal yake ɗagowa, a hunturu kuwa ƙura ta cinye wajen gaba ɗaya. Ni na daina nemansa, da kamfas ɗin waya nake fuskantar arewa, sannan in bi tauraro ɗaya ina gyarawa har ya daina zamewa. Bene kuma ka sauka, ko yaro ne ya taka sai hoton ya girgiza.

Baba na Dass: Ɗana, hazon ma yana da laifi, kada su wanke shi. Gatanmu ɗaya, Orion kusan tsakar ka yake ratsawa a nan, to jira ya hau sosai, can ƙurar ta fi sauƙi. Ka zaɓi ƙarshen watan Musulunci, lokacin da babu farin wata. Ka fito bayan gari, fitilun solar na kan titi sun gama da saman Bauchi. In za ka zo wajenmu ka fara gaida mai unguwa, ka kuma nuna wa 'yan sintiri abin da rana, don bututu kan ƙafa uku da ƙarfe biyun dare ba kowa ke ɗaukarsa madubi ba.

Ɗan Yelwa: Na gode, Allah ya saka. Baba, akwai inda zan caja batir a can, ko in taho da nawa?