Wadrob cike da kaya, amma kullum ba ni da abin sawa

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, amma banda dariya. Shekaruna 29, ina aikin ofis, kuma wadrob ɗina ba ya rufuwa sai na danna da gwiwa. Duk da haka kowace safiya sai in tsaya gabansa in rasa abin ɗauka. Jiya riguna huɗu na gwada na watsar a kan gado, ƙarshe na koma wa wata tsohuwar riga mai ruwan toka da nake sawa kusan duk mako, har wuyanta ya fara koɗewa. Ga wata doguwa mai ruwan hoda da duwatsu a hannu, wata 8 ke nan ko takardar da ke wuyanta ban cire ba. A jikin wata na gan ta a Instagram, kamar don ita aka ɗinka. Ni da na sa, kamar aro na yi.

Akwai abokiyar aikina, kayanta ba su kai rabin nawa ba, amma ko daga nesa kika hango ta kin san ita ce. Ni kuwa yau in yi kama da wannan, gobe in yi kama da waccan. Yaya mutum ke gane salon da ya dace da shi? Ko in kwashe komai in bayar in fara sabo?

Anti mai ɗinki:
Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki kwashe komai, da wannan idon da kika sayi na farko za ki koma ki sayo na biyu. Ni da nake kan keke tun kina rarrafe, abin da na ji a maganarki shi ne rigar nan mai ruwan toka. Kin raina ta, alhali amsarki tana jikinta. Ki ɗauko ta da wasu huɗu da ba sa daɗewa ba su shiga wanki ba, ki shimfiɗa su a kan gado, ki nemo tef ɗin awo. Ki auna faɗin kafaɗa daga ɗinki zuwa ɗinki, tsayin hannu, tsayin rigar, da faɗinta a ƙugu. Ki duba yankan wuya, ki duba ko suna da aljihu. Sannan ki auna mai ruwan hodar. Na yi imani za ki ga biyar ɗin sun yi kusa da juna, ita kuma ta ware.

Ki fi sa ido a kafaɗa. Tsayi ana ragewa, ƙugu ana kamawa, amma in kafaɗa ta zubo ko ta matse, gyaranta sai an farke hannu an sake yanka, kuma sau da yawa ba ta dawowa daidai. Sai yadi: ki leƙa ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ciki. Auduga da lilin suna shan gumi, sai dai lilin akwai yamutsewa. Poliyesta ba ta buƙatar guga sosai, amma ba ta shan ruwa kuma tana riƙe wari. In babu rubutu, ki zare 'yan zaruruwa daga cikin kalmasa, ki riƙe da almakashi ki kusanta da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, poliyesta tana narkewa ta dunƙule kamar ɗan dutse, siliki da ulu kuma warin ƙonannen gashi suke yi. Mata da yawa suna cewa riga ba ta yi musu kyau ba, ashe jikinsu ne bai yarda da yadin ba.

Wata ɗaliba:
Yaya, ni abin da ya taimake ni: na juya kan kowane hanga ya kalli baya, duk rigar da na sa in mayar da hangarta daidai. Bayan wata 3 na ga gaskiya da idona. Kuma ki riƙa ɗaukar hoton kanki a madubi kafin ki fita, da yamma ki rubuta kalma ɗaya: na sake, ko na takura. Akwai wata Ba'amurkiya, Courtney Carver, da ta fito da wani tsari a 2010, mutum ya zaɓi abu 33 har da takalma da jaka, ya yi wata 3 da su kawai, sauran ya ɗaure a akwati. Ni sati 5 na iya, amma ko a haka na gane ba na son hannu mai faɗi, kullum yana shiga cikin abin da nake yi.

Wani ɗan'uwa:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Ni a ganina abin bai kai haka wahala ba. Steve Jobs na kamfanin Apple baƙar riga mai dogon wuya, ɗinkin Issey Miyake na Japan, da wandon jins ya riƙe shekara da shekaru. Obama ma a 2012 ya ce kwat mai ruwan toka ko shuɗi kaɗai yake sawa, don kada zaɓen kaya ya ci masa tunani. Ƙanwata, ki kai mai ruwan tokar wajen tela a yi miki irinta guda shida, ki huta.

Wata uwar 'ya'ya uku:
Malam, su waɗannan gudun zaɓe suka yi, ita kuma so take ta iya zaɓe. Kuma Anti, da girmanki, ban yarda da ke ɗari bisa ɗari ba. Ba duk rigar da mutum ke yawan sawa ce yake so ba. Bayan haihuwata ta biyu na yi kusan shekara 2 cikin wasu baƙaƙen riguna burma-burma guda uku. Da an auna ni da kwandon wanki a lokacin, sai a ce salona ke nan, alhali ɓuya nake yi. Ko hoto aka zo ɗauka sai in zame bayan mutane. 'Yar'uwa, ki tambayi kanki tsakani da Allah: in kin sa mai ruwan tokar, daɗi kike ji, ko dai so kike kada kowa ya lura da ke? In ɓuya ce, to mai ruwan hodar ma tana da abin faɗa. Wani abu ne ya ja ki gare ta. Wataƙila kalar ce, duwatsun ne suka ɓata miki.

Anti mai ɗinki:
Wallahi kin yi gaskiya ƙanwata, na karɓa. Na sha ganin irin haka a wajen awo, mace ta ce "a sake min sosai" tana kallon ƙasa. To 'yata, ki haɗa biyun. Awo ki ɗauka daga wadda jikinki ya saba da ita, kala kuma ki gwada da rana. Ki tsaya kusa da taga, fuska ba kwalliya, ki kara yadin a ƙarƙashin haɓa. Wata kalar za ki ga idonki ya fito, wata kuma ta sa ki kamar wadda ta kwana ba barci. Kada ki yarda da fitilar shago ko hoton waya, kallon kitse za ki yi wa rogo. Ita ma ta Instagram ɗin, ba ki san allura nawa aka kama mata rigar da su ta baya ba kafin a ɗauka.

Wata ma'aikaciya:
Ni abu ɗaya zan ƙara. Ki lissafa yadda satinki yake tafiya. In kwana 5 kina ofis amma rabin wadrob kayan fita taro ne, dole ki rasa abin sawa ranar Talata. Ni yanzu ba na sayen abu sai na tuna uku a gida da zai shiga da su.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na yi awon daren jiya. Biyar ɗin duk kafaɗarsu ɗaya, hannu ya tsaya ƙasan gwiwar hannu kaɗan, huɗu auduga ne, kuma duk suna da aljihu, abin da ban taɓa lura da shi ba. Mai ruwan hodar ta fi su faɗin kafaɗa da kusan inci 2, kuma poliyesta ce zalla. Maman yara, tambayarki ta hana ni barci. Ina jin biyu daga cikin biyar ɗin ɓuya ce, amma mai ruwan tokar son ta nake da gaske. Da safe na kara mai ruwan hodar a taga, abin mamaki kalar ta karɓe ni. Zan ba ƙanwata ita, ta fi ni kafaɗa, ni kuma in nemi auduga mai wannan kalar a yanka min a kan awon tsohuwar. Anti, tunda wuyanta ya koɗe, in kai ta haka a kwafa, ko sai an farke ta tukuna?