Neman kalmar Hausa: me za mu kira "weather regime"?

Jama'a, masu fassara labaran kimiyya suna cin karo da wannan kalma, kowa kuma da irin tasa. Har "mulkin yanayi" na gani. Wannan kam a ajiye shi, ba maganar gwamnati ake ba.

Ga abin da ake nufi. Iskar da ke can sama, wajen kilomita 5 da rabi daga ƙasa, ba kullum take sabon zubi ba. Tana da 'yan kamannin da take yawan komawa gare su, ta zauna a ɗaya kamar mako guda ko fiye, sannan ta sauya. A hunturun Turai da arewacin Tekun Atlantika, huɗu aka fi lissafawa. Biyu sun rataya ne a kan bambancin matsin iska tsakanin Aisland da tsibiran Azores: in ya yi ƙarfi, iskar yamma ta kwararo wa arewacin Turai ruwa da ɗumi, in ya yi rauni, sanyi ya sauko, kamar hunturun 2009 zuwa 2010. A na uku matsi mai ƙarfi ne ke kafuwa a kan Sikandinebiya ya tare hanya, a na huɗu kuma a tsakiyar tekun.

"Tsarin yanayi" ya yi faɗi, komai na iya shiga cikinsa. "Salon iska" ya kama kamannin, amma bai nuna daɗewa ba.

Ni dai "zangon iska" na zaɓa. Ayari kan sauka a zango, ya kwana, ya tashi, wata rana ya sake sauka a nan. Kusan abin da masana kimiyyar yanayi Charney da DeVore suka nuna da lissafi a 1979 ke nan: iska ɗaya na iya samun mazauni fiye da ɗaya. Kuma kalmar ta zo da 'yan rakiyarta. Sai mu ce iska ta yada zango, ta tashi, ko an samu sauyin zango, wanda shi ne ya fi ba manhajojin hasashen yanayi wahala. Sun daɗe suna ƙiyasta zangon tare hanya na Turai ƙasa da yadda yake aukuwa.

Wani ɗan'uwa ya ce me zai hana "zangon yanayi"? Malam, duk wanda ya ji haka damina ko rani zai ɗauka, don "yanayi" kaya sun riga sun yi mata yawa. A bar ta da "iska".

Masu aikin hasashe, in kun ga inda za ta ci tura a rahoto, ku faɗa mana.