Injin jirgina yana shaƙewa da zarar na yi lodi

Mai jirgi, Lagdo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da inji Yamaha Enduro mai doki 40 a kan jirgin katako, da shi nake kwaso banda daga sansanonin masunta zuwa bakin tafkin Lagdo. Yau kwana goma ke nan yana wahalar da ni. Da safe ja biyu ya tashi, a sulo lafiya lau, in babu kaya kuma yana gudu kamar da. Amma in na ɗora kwanduna da mutum biyar ko shida na murɗa totur, sai ya ja kamar minti uku ya fara shaƙewa, ƙararsa ta yi ƙasa. In na sassauta hannu sai ya farfaɗo. Shekaranjiya a tsakiyar ruwa ya yi min haka, iska ta taso, ga wata mata da goyo tana ta salati tana riƙe da gefen jirgi. Da lallaɓawa muka kai gaɓa bayan magariba. Na canza fulogi biyun, babu sauƙi. Wani ya ce fistan ne, in kai Garwa a buɗe. Da jirgin nan nake ciyar da gida, don Allah ku ba ni shawara.

Bakanike, Garwa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yarda a buɗe inji tukuna. Ka riga ka faɗi abin da ya fi muhimmanci: ƙarar tana yin ƙasa. Da a ce inji na ihu jirgi ba ya tafiya, da na ce robar cikin farfela ce ta saki. Naka kuwa alamar yunwar mai ce. A sulo ɗan kaɗan yake sha, shi ya sa ba ka ganin komai. Da lodi ne yake neman mai da yawa, ya shanye wanda ke cikin kafireta, na baya bai iso ba. Ka fita da yaronka da kaya, ba nesa da gaɓa ba. Da ya fara shaƙewa, yaron ya riƙa matsa ƙwallon robar nan na tiyo. In inji ya ɗauka, famfon mai ne, fatar cikinsa ta gaji ko ta tsage, ko kuma tiyo na shan iska. In ka ga ƙwallon ya lotse ya ƙi cika, toshiya tana wajen tanki: duba ɗan noti na kan murfi, in a rufe yake iska ba ta shiga, mai ba zai fita ba. In matsawar ba ta canza komai ba, sai a sauke kafireta a hura jet, wato ƙaramin ramin da mai ke bi a cikinta.

Direban jirgi, Kusiri: Gaskiyar malam ne, amma wane mai kake sha? Mu nan bakin kogin Logon zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, shi ne ya fi kashe mana inji. Zuba kaɗan daga ƙasan tankinka cikin farar kwalba, ka ajiye minti goma. In da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, fetur a sama. Sannan haɗi: lita 25 na fetur, rabin lita na baƙin mai na inji mai bugu biyu. Wasu suna zuba fiye da haka wai don tausayin inji, sai hayaƙi da fulogi mai danƙo.

Dattijo, Darak: Yaro, ka sa hannu a fitsarin injin nan, wato ruwan sanyaya shi da yake tsartarwa waje, yana tafiya? In ruwan ya ragu ko ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, robar famfon ruwa ta cinye, yashi ne ke gamawa da ita. Inji mai zafi ma haka yake sanyin jiki bayan 'yan mintoci. Ka kuma cire farfela ka leƙa bayanta. Na taɓa zare igiyar kalli, wato ragar kamun kifi, cikin tafin hannu guda a wurin, har ta ci roba ruwa ya shiga man giya ya koma fari kamar nono. Kuma don girman Allah, kada ka sake ɗaukar mata da yara sai ya gyaru.

Wani mai jirgi, Maga: Nawa haka ya yi bara, ashe koyil ɗaya ne ke yanke wuta in ya ɗau zafi.

Bakanike, Garwa: Yana faruwa. Amma na koyil, silinda ɗaya ke mutuwa, inji ya riƙa karkarwa, kuma ka ciro fulogi ɗaya jiƙe da mai ɗayan a bushe. Shi ya ce yana sassautawa yake dawowa daidai. A fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Mai jirgi, Lagdo: Allah ya saka da alheri. Baba, na ji maganarka, da buhunan yashi na yi gwajin. Fitsarin yana fita da ƙarfi, bayan farfela kuma babu komai. Da ya shaƙe, ƙanena ya matsa ƙwallon sau uku, sai ga inji ya miƙe kamar an tashe shi daga barci. Mun kwance famfon, na ɗaga fatar ga rana, sai ga 'yar tsaga kamar ta farce. A kwalba kuma na ga ruwa kusan yatsa ɗaya, har da jan ƙasa a kofin matatar mai. Na wanke tanki na kife shi a rana. Malam na Garwa, gobe zan aiko da tsohuwar fatar ta hannun direban mota. Ta yaya zai bambanta ta asali da jabu a kasuwa?