Horon doki a hankali: abin da masu horarwa suka yi ittifaƙi a kai

Da masu horarwa suka tattauna kan tsohon salon horon dawaki na Turai, wanda makarantar hawa ta birnin Biyana a Ostiriya ke bi har yau, maganar da ta fi yawa ita ce kada a yi gaggawa. A can sai doki ya kai wajen shekara 4 ake fara horar da shi, kuma ƙashin bayansa ba ya gama ƙwari sai kusan shekara 6.

An daɗe a kan batun nauyi. Ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, ga mahayi kuma a kai. Aikin horon shi ne a koya masa tura ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa don su rage wa na gaba wahala. Ana samun haka da yawan sauya tafiya, daga taku zuwa sassarfa a dawo taku, da zagaye mai faɗi, hagu da dama daidai wa daida. A fara da taku na aƙalla minti 10, linzami a sake.

Janyo haɓar doki zuwa ƙirjinsa da ƙarfin tsiya kowa ya ƙi shi. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ma ta haramta hakan a 2010. Masu linzami mai kaifi a wajenmu, wannan ta shafe ku.

Inda aka ɗan yi saɓani shi ne ƙaimi, wasu suka ce sai ƙwararre ne kawai zai yi amfani da shi. Dokin da ke kaɗa wutsiya, yana buɗe baki, yana ƙin sirdi kuwa, a fara duba haƙoransa da kofato da zaman sirdin kafin a kira shi mai taurin kai.