Aikin manhaja a harkar jirgin ƙasa, ya yake?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Manhajar waya nake rubutawa da Java (wani harshen rubuta manhaja), sai ga tayin aiki a kamfanin siginar layin dogo. Me zan tarar?

Tsohon hannu: Sai ka yi haƙuri, ƙanena. Manhajar da ke hana jirage biyu hawa hanya ɗaya, rayukan mutane ne a hannunta. Gyara kaɗan za ka yi, ka kwana biyu kana rubuta takardun gwaji, sannan wani daban ya bi diddigi. A Turai ƙa'idar EN 50128 aka sani wajen rubuta manhajar siginar jirgin ƙasa, matakin ƙoli na kariya daga haɗari kuma SIL 4 ake ce masa. Ka koyi harshen manhaja na C ko na Ada.

'Yar Rigasa: Malam, akwai ɓangaren tikiti ma. Na Abuja zuwa Kaduna tun 2021 ake saye ta intanet. Can Javarka za ta ci kasuwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Siginar nake so, da Ada zan fara.