Muhawara: "In ba iPad ba, ka zubar da kuɗinka" a ɗakin matuƙin ƙaramin jirgi

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum manya. Shawara nake nema. Na kusa fara tafiye-tafiyen nesa a ƙaramin jirgi samfurin DA40, ina so in sayi tabilet da zan riƙa duba taswira da shi a sama. Wani ya ce min in ba iPad zan saya ba, kada ma in ɓata kuɗina. Abin da ke aljihuna kuwa Samsung zai iya saya. Haka maganar take?

Bakanon Florida: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wanda ya gaya maka haka masoyinka ne. Ni ma a kan bakansa nake: duk wanda ya sayi wani abu ba iPad ba don ƙaramin jirgi, ya zubar da kuɗinsa. Hujja ɗaya ta isa, ForeFlight. A kan iPad da iPhone kaɗai manhajar take aiki, babu ta a Android. Nan inda nake tara sa'o'in tashi, daga malami har ɗalibi ita ce a cinyar kowa. Da ita ake zana hanya, da ita ake lissafin mai da nauyi, da ita ake aika takardar tafiya. Ba don wasa Boeing ta sayi kamfanin a 2019 ba. Ka daure ka cika kuɗin, araha ba ta ado.

Ɗan Damagaram: To ai Boeing ɗin ta sake sayar da shi a 2025, shi da Jeppesen, kamfanin taswirar jiragen sama, gaba ɗaya, sai a nemo wata hujjar. Ɗan'uwa, Florida ba ita ce duniya ba. Akwai wasu manhajojin irinta: Garmin Pilot na aiki a Android, SkyDemon na aiki, Air Navigation Pro na aiki. Ni da Samsung nake yawo tsakanin Damagaram da Maraɗi da Yamai, bai taɓa kai ni garin da ban nufa ba. Sannan ga abin da masu tallan iPad ba sa faɗa wa mai ƙaramin ƙarfi: iPad mai Wi-Fi zalla ba shi da GPS a cikinsa. Sai wanda ake sa wa layin waya, kuma shi ne mai tsadar. Yawancin Samsung kuwa, ko na Wi-Fi ne, da GPS ɗinsa yake zuwa.

Ɗan Zazzau: Ikon Allah. Amma na ga iPad ɗin abokina mai Wi-Fi yana nuna inda yake a taswira a cikin gida.

Injiniya: A cikin gida kam zai nuna, domin yana kintatar wurin ne daga na'urorin Wi-Fi na unguwa. Ka ɗaga shi sama ƙafa dubu uku ka ga abin da zai yi. Mai layin shi ke da ainihin abin da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, kuma ba sai ka sa masa layi ko ka sayi data ba, GPS ɗin yana aiki haka nan. In kuma mai Wi-Fi ne ya riga ya shigo hannunka, sai ka haɗa shi da ƙaramar na'urar GPS ta waje irin Garmin GLO ko Bad Elf. Tana aiki sosai, sai dai ka ƙara wa kanka abin caji na biyu, da abin mantuwa na biyu.

Bakanon Florida: Na yarda da wannan, mai layi za a saya. Amma ku bari in gaya muku abin da ba ku ɗanɗana ba. In na haɗa iPad da ƙaramar na'urar karɓar saƙo irin Sentry ko Stratus, ina cikin tafiya hoton hadari yana sauko min a kan taswira, da rahoton yanayin filayen da ke gabana, da jiragen da ke kusa da ni, kyauta. Wannan ba ado ba ne, tsare rai ne.

Injiniya: Ranka ya daɗe, wannan garar ta Amurka ce. Rahoton yanayin da kake samu, tashoshin ƙasa na FAA, hukumar jiragen saman Amurka, ne ke watsa shi a kan zangon rediyo 978. Babu waɗannan tashoshin a Najeriya, babu su a Nijar. In ka kawo Sentry ɗinka Zariya, abin da zai ba ka shi ne GPS, da jiragen da ke watsa matsayinsu a zango 1090. Wanda ba ya watsawa ba za ka gan shi ba, hadari kuwa da idonka za ka gan shi. Kuma ko a can, ba iPad ne ke yin aikin ba, na'urar karɓar ce. Garmin na da irinta da ke magana da Android.

Ni abin da nake gani, kun ɗauko zancen ta wutsiya. Manhaja ake fara zaɓa, sannan a sayi abin da zai ɗauke ta. Manhajar ma ba sunanta ake saya ba, bayanan da take da su na sararin da kake tashi a ciki ake saya. Ƙarfin ForeFlight yana Amurka da Kanada da Turai. Kai Ɗan Zazzau, ka sauke waɗanda wayarka za ta ɗauka a lokacin gwaji na kyauta, ka nemo filayen jirgin Zariya (DNZA), da Kano (DNKN), da Kaduna (DNKA), ka duba zangon rediyo, da iyakokin sararin da hasumiya ke kula da shi, da wuraren da aka hana ratsawa. Sai ka ɗauko littafin bayanan jiragen sama na NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi daidai ita ce taka. Na Nijar su gwada da na ASECNA, hukumar da ke kula da nasu sararin, yana intanet. Kuma ka tuna bayanan nan duk kwana 28 ake sabunta su a duniya baki ɗaya, saboda haka kuɗin tabilet sau ɗaya ne, kuɗin manhaja duk shekara ne, da kuɗin waje.

Matuƙiya: Duk kun yi ta kai da kawo a kan suna, babu wanda ya tambayi yaron nan ina zai ajiye abin. Ƙanena, DA40 ba Cessna 172 ba ce. Cessna sitiyari gare ta, ana maƙala tabilet a jikinsa, ga fiffike a sama yana yi maka inuwa. DA40 sandar tuƙi ce a tsakanin ƙafafunka, saman kanka kuma gilashi ne tun daga gaba har baya. In ka ɗaura mai inci 11 ko 13 a cinya, ka gwada kai sandar ƙarshenta hagu da dama ka gani, za ta doke shi. Abin da ya tare maka sanda ya tashi daga mataimaki ya koma haɗari. Inci 8 ko kusa da haka, nan ne iyaka. iPad mini inci 8.3 ne, Galaxy Tab Active ƙarami inci 8 ne. A tsakanin waɗannan biyun ya kamata ku yi musunku.

Sai babbar matsalar, wadda Bakano bai ambata ba ko da yake Florida ma ba garin sanyi ba ne. Apple da kansu sun rubuta cewa iPad an yi shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. A watan Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40 a inuwa. To ina ga cikin jirgi mai rufin gilashi, an rufe, kana jiran hasumiya ta ba ka izini? Tanderun burodi ke nan. In ya yi zafi ba shawara yake yi da kai ba, allon ne zai yi baƙi ya rubuta maka sai ya huce. Kuma ya fi yin haka a ƙasa da lokacin da ka sauko kusa da fili, wato daidai inda ka fi bukatarsa. A sama da sauƙi, tunda zafin iska na raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa dubu, amma ranar da ke dukan allon kai tsaye ba ruwanta da wannan lissafin.

Ɗan Damagaram: Allah ya biya ki, Yaya. Shi ya sa na ce Samsung.

Matuƙiya: Kada ka yi saurin murna. Samsung na gama-gari ma batirin litiyom ne a cikinsa, ya ji wuta zai rage haske ya daina caji.

Ɗan Damagaram: Na gama-gari kika ce. Tab Active daban yake. An yi shi don masu aikin fili, ƙura ba ta shigarsa, batirinsa ana ciro shi da hannu. Tun daga Active3 ma kana iya cire batirin gaba ɗaya ka jona shi da wuta ya ci gaba da aiki. A ƙasar da hazo ke cika ko'ina da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya: Ka cire batir, wayar caji ta goce, allo ya mutu nan take. Ka yi maganin zafi ka sayo wata cutar. Ni ba zan tashi da shi haka ba.

Bakanon Florida: Zafin nan fa ana iya masa. Ka cire masa riga mai kauri, kada ka bar shi a kan dashbod lokacin da kake zagaya jirgi, ka cika cajinsa tun daga gida don kada ya haɗa caji da cikakken haske, ka juyo masa da bututun iska. Akwai ma mariƙi mai fanka da ake sayarwa. Mu ma nan da rani muna fama, ba wanda ya jefar da iPad ɗinsa.

Matuƙiya: Ka ga yanzu lissafinka ya zama iPad mai layi, da mariƙi mai fanka, da kuɗin manhaja na shekara. Ka tambayi Ɗan Zazzau ko aljihunsa ya ji.

Kyaftin: 'Ya'yana, na karanta duka, kuma akwai ilimi a ciki. Amma ni wanda ya yi tambayar nake kallo. Ɗalibi ne da bai gama tafiyar nesa ba. Abin da ake so ya koya yanzu shi ne taswirar takarda, da agogo, da kamfas. Ya ja layi, ya lissafa iska, ya ce minti kaza zan ga titin jirgin ƙasa, minti kaza zan ga madatsar ruwa, kuma ya leƙa waje ya gan su. Na zauna kusa da yara da yawa da idonsu ba ya barin ɗan jirgin nan da ke tafiya a kan allo. Ka kife allon ka ce ina muke, sai zufa. Jirginsa ma in mai Garmin G1000 ne, yana da taswira a gabansa wadda aka tantance, aka ɗaure ta da jirgin, take shan wutarsa. Tabilet ba a tantance shi a matsayin abin da ake dogara da shi don bin hanya ba, ko a Amurkan mataimaki ne.

Bakanon Florida: Baba Kyaftin, da girmamawa, manyan kamfanoni sun ajiye jakar takardu tuntuni. American Airlines ta gama mayar da matuƙanta kan iPad tun 2013.

Kyaftin: Haka ne, ɗana. Kuma a watan Afrilun 2015 jiragensu da dama suka kasa tashi a kan lokaci, saboda taswirar wani fili a Washington ta shiga manhajar sau biyu ta rikita ta. Su matuƙa biyu ne, kowa da nasa, ga ofis a ƙasa da ke bin bayansu, kuma a ƙasa abin ya same su. Kai kaɗai ne, a sama, cikin hazo.

Matuƙiya: Baba, a kan ya iya takarda ina bayanka ɗari bisa ɗari. Inda zan saɓa maka shi ne hazon da ka ambata. Ranar da ƙasa ta dushe, gari da gari suka yi kama, ɗan jirgin nan na kan allo shi ke hana mutum kutsawa sararin da ba a ba shi izini ba. Ni dai na fi son ya saba da shi tun yana da malami a gefe mai tsawata masa, da ya je ya koya wa kansa bayan ya karɓi lasisi.

Kyaftin: Ranar da ƙasa ta dushe haka, 'yata, ɗalibi a ƙasa ya kamata a same shi yana shan shayi.

Ɗan Zazzau: Allah ya saka da alheri. To yanzu ga abin da ya taso. Wani yana sayar da iPad Pro na hannu, babba, inci 12.9, farashin ya yi min daɗi. Ya ce haskensa ya fi na mini.

Matuƙiya: Haskensa ya fi, gaskiya ne, mini ba gwanin rana ba ne. Amma ka koma ka karanta abin da na ce a kan sanda.

Injiniya: Kafin ma nan, ka shiga saitinsa ka duba ko akwai sashen datar layin waya. In babu, babu GPS. Kada ka dogara da neman ramin sim, sabon mini na 2024 ba shi da rami sam, layinsa na cikin inji ne. Na hannu kuma ka kwantar da shi a kan tebur ka duba ko allon ya ɗago, alamar batiri ya kumbura ke nan, irin wannan ba a shiga jirgi da shi. Duk wanda ka saya a ƙarshe, abu uku za ka gwada a ƙasa inji na aiki. Ka kusanto da shi wajen kamfas ka ga ko allurar ta motsa, domin akwai maganaɗisu a jikin iPad da rigunansa. Ka sa tabaraun da za ka tashi da shi ka juya allon tsaye da kwance, wasu tabarau masu tace haske suna mayar da shi baƙi ƙirin. Sannan caja. Wasu jiragen wutarsu bolt 28 ce, ba 12 irin ta mota ba, kuma cajar bakin titi tana cika rediyo da shuuu har ka kasa jin hasumiya.

Bakanon Florida: Duk abin da kuka lissafa, in aka tace, iPad mini mai layi ne ya rage. Ban janye ba.

Ɗan Damagaram: Tab Active ma ya rage, kai ne ba ka son ƙirga shi.

Kyaftin: Ɗan Zazzau, kafin ka ba kowa ko sisi, ka je ka tambayi malaminka ko zai yarda ka kunna shi a jirginsa.

Ɗan Zazzau: To Baba, gobe in sha Allah. Injiniya, wayata Android ce, zan fara da Garmin Pilot da Air Navigation Pro in gwada filayen da ka ce. Wa zai ara min iPhone in duba ForeFlight ɗin Yaya Bakano?